Asibitin gashin da aka auna ƙafar ɗana da tef ɗin tela

Ƙaramin asibitin gashi ne, wato na motsa gaɓoɓi, mai zaman kansa, a saman wani bene da ke kan hanyar da ta tashi daga Terminus ta nufi Farin Gada a garin Jos. Ɗakuna uku ne da ɗan falon jira mai benci biyu. Buɗe kati naira 3,000, kowane zama naira 5,000, kuma ana yi wa yara ragi idan aka biya na wata gaba ɗaya. Sunansa dai zan sakaya, domin yabon da zan yi a haɗe yake da ƙorafi, mutanen kuma suna nan suna neman abincinsu. Ga hukuncina tun daga farko, don wanda ba zai iya karantawa har ƙarshe ba: idan allura ta taɓa wa yaronka jijiya har ƙafa ta saki, wuri ne da za ka kai shi hankalinka kwance. Sai dai ka san abin da kuɗinka zai saya. Ba za su sa jijiya ta yi sauri ba, kuma abin da ya fi burge ni game da su shi ne ba su taɓa cewa za su iya ba.

Autana ne, shekararsa shida. Zazzaɓi ya kama shi cikin sanyin Disamba, aka yi masa allura a ɗuwawu a wani kyamis na unguwa. Ya ƙwalla ihu, ya ce abu ya ja shi har tafin ƙafa. Kashegari yana tafiya yana jan ƙafar hagu, yatsun suna sharar ƙasa, sai ya ɗaga gwiwa sama sosai kafin ya iya taku. Dangi kowa da fassararsa. Goggona ta ce iska ce, wasu suka ce shan inna. A asibiti an karɓi bayan gidansa sau biyu aka tura gwaji, domin ƙa'ida ce ga duk yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓarsa ta saki farat ɗaya. Tun watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, waɗanda ta kama na ƙarshe a Najeriya kuwa a Borno ne a 2016, amma har yau ba a daina sa ido ba. Sakamako ya fito babu ita. Likitan yara ya ce allurar ce ta samu babbar jijiyar da ke ratsa ɗuwawu, ya rubuta mana takarda zuwa gashi.

Wadda ke riƙe da wurin mace ce mai matsakaicin shekaru, Hausarta irin tamu ta Jos, ba ta da yawan surutu. Ranar farko ba ta kunna ko na'ura ɗaya ba. Auduga ta ɗauka tana shafa masa a ƙwauri da bayan ƙafa, idonsa a rufe, tana tambaya: "Yarona, ka ji nan? Nan fa?" Ta sa shi ya taka hannunta da ƙarfi, ya taka. Ta ce ya ɗago ƙafar sama, ko motsi. Ta rubuta sifili a littafinta. Ma'aunin daga 0 zuwa 5 ne: 1 shi ne a ga tsoka ta ɗan motsa, 3 shi ne ta iya ɗaga gaɓar da kanta, 5 cikakken ƙarfi. Ta bayyana mini cewa jijiyar nan, wadda ta fi kowace kauri da tsawo a jikin mutum, reshe biyu ce a haɗe. Ɗaya na tura ƙafa ƙasa, ɗaya na ɗago ta, kuma mai ɗagowar ce allura ta fi samu.

Daga nan ta ciro tef irin na teloli, ta ɗora daga inda aka soka allurar zuwa ƙasan gwiwa kaɗan, inda reshen ke shiga tsokar gaban ƙwauri. Kusan santimita 30.

"Malam, an ce kai malamin makaranta ne," in ji ta. "Idan zaren jijiyar ya tsinke, milimita ɗaya yake tsirowa a rana. Yi lissafin da kanka."

Na yi. Wata goma. Na ce, "Likita, babu abin da za a yi a rage?" Ta ce, "Da akwai, da na fi kowa kuɗi a garin nan."

Bayoloji nake koyarwa a sakandare, duk shekara sai na zana wa 'yan ajin ƙarshe hoton ƙwayar jijiya a allo, su kwafa saboda jarrabawa. Maganarta ce ta mayar da ni ga littattafai, kuma sai da na fahimci abin da ke faruwa a cikin cinyar yaron sannan na gane me nake biya a wurin nan.

Uwar ƙwayar da ke motsa ƙafa tana zaune ne a cikin laka, can ƙasan baya. Daga jikinta zare guda yake fita ya tafi har tsoka, a babban mutum tsawonsa kan kai mita ɗaya. Duk tsawon nan tantani ɗaya ne ya lulluɓe shi, shimfiɗa biyu ta maiƙo, siriri ne ƙwarai, sai an jera kusan dubu goma kafin su kai kaurin silin gashi. Amma shi ne komai. A jikinsa akwai 'yan famfuna da ba sa hutawa, suna fitar da sodiyam uku suna shigo da potasiyam biyu, har ciki da waje su bambanta da kimanin milivolt 70. Saƙon da ke cewa "ɗaga ƙafa" ba wani abu ba ne illa ƙofofi da ke buɗewa a jere a jikin tantanin, sodiyam ya faɗa ciki, na gaba ma ya buɗe. A kan zaren kuma akwai wasu ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin Schwann, kowace ta naɗe nata yankin da tantaninta, naɗi a kan naɗi, har ya zama rigar kitse da ake ce wa mayalin. Tsakanin naɗi da naɗi an bar ɗan gurbi, saƙo yana tsalle daga gurbi zuwa gurbi. Zare mai kauri mai wannan riga yakan kai saƙo da gudun da ya kai mita 120 a daƙiƙa. Wanda ba shi da ita, wajen mita ɗaya.

Allura takan yi ɓarna ta fuska biyu: tsinin ya yanka, maganin da aka tura kuma ya ƙona. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da ke biyo baya a mintocin farko. Kalsiyam ɗin da ke ruwan waje ya ninka na cikin zaren kusan sau dubu goma, to da tantanin ya yage sai ya kwararo ciki. Wannan kwararar ita ce ƙararrawa. Ita ke tattaro 'yan jakunkunan maiƙo da ke cikin zaren, su taru a bakin raunin, su narke da juna su toshe shi, ƙwayar ta tsira da ranta. Kalsiyam ɗin nan dai shi ke tayar da sinadaran da ke farfasa ƙashin zaren, wato ginshiƙan da ke riƙe shi daga ciki. Guntun da ya rabu da uwarsa, daga wurin rauni har zuwa tsoka, cikin 'yan kwanaki yake ragargajewa gaba ɗayansa. Wani Bature ɗan Ingila, Augustus Waller, shi ya fara bayyana haka a 1850, bayan ya yanke jijiyoyin harshen kwaɗi ya duba su a madubin likita. Wato ko da raunin bai fi kan allura ba, duk abin da ke ƙasansa sai an sake shi sabo.

Ƙwayoyin Schwann ba sa mutuwa tare da zaren. Sukan zubar da tsohon kitsen, ƙwayoyin jini masu share datti su zo su kwashe, su kuma su hayayyafa su jeru a cikin bututun da zaren ya bari. Daga saman rauni sai sabon kai ya tsiro, mai 'yan yatsu da ke miƙewa suna laluba suna janyewa, tamkar kan yaɗon kabewa da ke bin danga. Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifaniya ne ya fara ganin wannan kai ya zana shi a 1890. Kowane ɗan ci gaba da zai yi sai an ƙara masa sabon tantani, mafi yawan kayan kuwa daga uwar ƙwaya ake turo su, tun daga laka. Jakunkunan maiƙon suna da sauri, sukan yi tafiyar santimita da dama a rana. Ginin ƙashin zaren ne mai nawa, kuma da takunsa ake tafiya.

To ina amfanin gashi, tunda jijiya da kanta take tsirowa? Wannan ita ce tambayar da duk mai biyan naira 5,000 ya kamata ya yi, kuma na yi. Amsarta ita ce: aikinta shi ne kada jijiyar ta iso ta tarar babu wanda zai karɓe ta. Ƙafar da ta yi watanni a sake, agararta takan ɗaure ta gajarce, idon sawu ya ƙage, ko ƙarfi ya dawo ba za ta ɗagu ba. Tsokar da ba ta samun saƙo kuma ramewa take yi, idan abin ya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da wuya ta sake amsawa. Tsere ne tsakanin zaren da ke tafe da tsokar da ke jira.

Saboda haka yawancin zaman hannu ne. Takan miƙar da agarar a hankali ta riƙe, ta juya idon sawu ta kowane ɓangare, ta sa shi tsayuwa a kan katako mai lilo, ta watsa murafen kwalba a ƙasa ta ce ya ture su da ƙafa, wanda ya fi tara da yawa tsakaninsa da ita ya ci. Yaron da ke kuka tun daga ƙasan bene, bayan ɗan lokaci shi ke tambaya yaushe za a je wurin Anti. Abin da na fi yaba mata, ba ta ɓoye sana'arta. Ta kama hannun mahaifiyarsa ta ɗora a diddigensa, ta ce, "Maman yara, nan za ki riƙe, ba yatsu ba. Safe da dare. Abin da kike yi a gida ya fi nawa yawa." Ba kowane mai karɓar kuɗi a kan zama ba ne zai koya maka yadda za ka rage buƙatarsa.

Akwai na'urar lantarki da take manna masa a ƙwauri, tsokar ta riƙa harbawa. Yaron na ce mata shokin. Ita iyaye suka fi so, har na ji wata tana faɗa wai yau ba a sa wa 'yarta wuta ba, kuɗinta ya tafi a banza. Na tambayi likitar ko ita ke jawo jijiyar. Ta ce, "A'a, Malam, tsokar nake tuna wa aikinta. Masana ma ba su gama yarda da juna a kan amfaninta ba, shi ya sa ba na karɓar ƙarin kuɗi a kanta." Ka gwada wannan da masu tallar injin tausa a bakin kasuwa, da lasifika, suna rantsuwa yana tayar da matacciyar jijiya cikin mako guda.

Gargaɗi ɗaya ta yi da kakkausar murya, kuma don shi kaɗai ma kuɗin katin ya halatta. Ta hana gasa ƙafar da ruwan zafi a gida. Goggona ta riga ta fara, da tawul da tafasasshen ruwa, da kyakkyawar niyya. Fatar da ba ta jin auduga ba ta jin wuta. A sanyin Jos, inda yara ke kewaye kaskon gawayi da asuba, yaro zai iya ƙonewa har tsoka bai ce uffan ba. Ta ce kullum dare a duba bayan ƙafar da tsakanin yatsu, a gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, a zazzage takalmi kafin ya sa. Goggo ba ta ji daɗi ba, sai da likitar ta ce mata, "Mama, hannunki muke so, ba zafin ruwan ba," ta ba ta aikin shafa man kaɗanya, sannan aka shirya.

Yanzu ƙorafi, kuma ba kaɗan ba ne.

Asibitin gashi a saman bene, babu gangara, babu abin hawa. Na ga samari biyu sun ɗauko mahaifinsu mai shanyewar ɓarin jiki a kan kujerar roba suna hawa da shi, dattijon ya rufe fuska don kunya. Na san hayar ƙasa ta fi tsada, amma wannan ba ƙaramin aibi ba ne ga wurin da rabin masu zuwansa ba sa iya taka matakala. Lokacin da ake rubuta maka a kati kuma ado ne kawai. A ce ƙarfe tara, ka shiga sha ɗaya, ranar Asabar kuwa ba a magana. Ɗakin yara tayil ne, ga hunturu, ga yaro daga shi sai gajeren wando, na'urar ɗumama ɗaki kuma sai da wutar NEPA, janareta na injinan aiki ne kawai.

Takalmin roba mai tauri da ke riƙe ƙafa a miƙe, wanda shi ne rabin maganin, ba a wurin ake yin sa ba. Awo suke ɗauka su aika. Namu ya daɗe bai zo ba, da ya zo kuma ya matse, ya goge masa fata a idon sawu, wurin da ba ya ji. An gyara kyauta, ta kuma ɗaura masa na wucin gadi kafin nan, amma da ba ma duba ƙafar kullum da gyambo ya zama. Ba su da na'urar gwajin jijiya ma, wadda ke auna ko saƙo na wucewa, sai da aka tura mu wani wurin. A nan ba na ganin laifinsu sosai, tunda ta faɗa tun farko, ta kuma hana mu gaggawar zuwa: gwajin ba ya nuna gaskiyar ɓarna sai an yi mako uku zuwa huɗu da rauni, lokacin da guntun ƙasa ya gama lalacewa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kantar da ke bayan mai karɓar kuɗi. An jera kwalaben bitamin, yarinyar wurin tana ce wa kowa "maganin jijiya ne, ana haɗawa da gashi," farashin kuma ya fi na kantin magani. Gaskiya ne jiki na buƙatar bitamin B12 don gina rigar kitsen nan, wanda ya rasa shi jijiyoyinsa kan lalace. Amma yaron da ba shi da ƙarancinsa, ɗura masa ƙari ba zai mayar da milimita ɗaya biyu ba. B6 kuwa idan ya yi yawa shi da kansa yana lalata jijiya. Na kai maganar gaban likitar, ta ce kada in ba shi komai sai abin da likitan yara ya rubuta. Madalla. Amma kantar tana nan har yau, kuma ba kowane uba ne zai shiga ya tambaya ba. Bakin da ke faɗin gaskiya a ɗaki bai kamata ya bar wani yana sayar da akasinta a falo ba.

Sakamakon gwajin ya nuna zaruruwan sun tsinke amma bututun yana nan. Herbert Seddon, likitan ƙashi a Ingila da ya yi aiki da sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na biyu, ya kasa raunin jijiya gida uku a 1943. Akwai wanda rigar kitsen ce kawai ta taɓu, ya warke cikin makonni zuwa wata uku. Akwai irin namu. Akwai kuma wanda jijiyar ta yanke gaba ɗaya har bututun, wanda sai an yi tiyata an ɗinke ko an yi mata ƙari. Ta gaya mana ƙarara cewa idan watanni suka wuce babu alamar motsi, ba za ta ci gaba da karɓar kuɗinmu ba, takarda za ta rubuta mana zuwa likitocin tiyata a asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo.

Alamar da take nema kuwa da yatsa ake nemanta. Takan bi bayan cinyarsa tana ƙwanƙwasawa daga ƙasa zuwa sama, har ta kai inda zai zabura ya ce, "Anti, ya ja ni!" Sabon kan zaren bai riga ya samu riga ba, shi ya sa taɓi kaɗan ke tayar da shi. Likitan Faransa Jules Tinel ne ya bayyana wannan a 1915, shi ma a kan sojoji. Sai ta ɗiga biro a wurin, ta auna da tef, ta rubuta. Wata bayan wata ɗigon yana sauka: tsakiyar cinya, bayan gwiwa, gefen gwiwa. Ta ja mini kunne cewa ɗigon yana nuna akwai masu tafiya, ba ya nuna yawansu. Duk da haka, a watannin da ƙafar ba ta ko motsi, dangi na cewa a gwada wurin mai ɗori, a gwada wurin wane, lambobin littafin nan ne suka riƙe mu.

Wajen ƙarshen damina aka fara ganin wata igiya tana ɗan tashi a gaban idon sawunsa idan ya yunƙura. Ta rubuta 1. Yanzu yana kan 3, yana ɗago ƙafar da kansa, yana zuwa makaranta da takalmin a cikin kambas. Babban yatsa har yanzu da rauni. Bayan ƙafar kuma ya ce yana jin taɓi amma "ba irin na ɗayar ba." Sabon mayalin yakan fito siriri, naɗinsa gajeru, wasu zaruruwan kuma sukan ɓace hanya su shiga bututun da ba nasu ba. Ta ce mai yiwuwa ya kai 4, ba ta yi alkawarin 5 ba, kuma reshen nan mai ɗago ƙafa dama ya fi ɗan'uwansa taurin warkewa.

Masu shanyewar ɓarin jiki da masu raunin laka su sani lissafin tef ɗin nan ba nasu ba ne. A ƙwaƙwalwa da laka babu ƙwayoyin Schwann, wasu ƙwayoyi ne daban ke yin rigar, kuma tarkacenta da tabon da ke biyo baya suna hana zare tsirowa. Gashinsu koya wa sauran hanyoyin da suka tsira aiki ne. Na ga ana yi musu a wurin, amma ba ni da bakin yabo ko kushe a kansa tunda ba shi ya kai ni ba. Iyaye kuma, mu rage son allura. Zazzaɓi da yawa ƙwaya na maganinsa. In ta zama dole, ƙaramin yaro a gefen cinya ake yi masa, in kuma ɗuwawu ne to can sama ta waje, kuma hannun wanda ya koya.

A watan jiya ita da kanta ta rage mana zuwa, ta ce sau biyu a wata ya isa tunda mahaifiyarsa ta iya aikin. Mai niyyar zuwa ya zaɓi Talata ko Laraba da sassafe, ya riƙo bargo da gajeren wando da duk takardun asibitin da aka taɓa ba shi, ya kuma tambayi kuɗin takalmi tun ranar farko, domin ba ya cikin kuɗin zama.